Munir Ya Tafi Rakiya

Ku masu cika mani waya da tambayar ko an sa rana, ku nemi wuri ku zauna. Ba a sa ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma wata ce ta ƙwace mani shi ba, don na san can hankalinku zai fara zuwa. Munir dai ya fita raka baƙo ran Asabar da hantsi, cikin sabuwar shadda da takalmi sau-ciki, kuma har yanzu da nake maku wannan rubutu bai dawo ba.

Ga wadda yau ta fara shigowa: ni ce Lubna, ɗiyar Malam Sha'ibu na Gangara. Munir shi ne wanda nake so. Shagon kawunsa yake tsaro a bakin kasuwa tun yana ƙarami, sukari da sabulu da taliya, kuma duk duniyar nan bai taɓa wuce Maraɗi ba. Kunya gare shi har ta yi masa yawa. Shekara biyu yana zuwa zance, shekara biyu yana cewa magabatansa na nan tafe. Baba ya gaji, ya ce Juma'ar nan ce ta ƙarshe: in sun zo a sa rana, in ba su zo ba zai saurari wasu. Baba ba ya yi wa ɗiya tilas, amma ba ya maimaita magana. Ga Gwaggo, ƙanwarsa, ta daɗe da tanadar mani ɗan ƙawarta, Fahad mai kantin magani a Agye, wanda ko gaisuwa yake yi sai ya kaɗa makullin mota.

Ana cikin haka Allah ya jefo mana baƙo.

Baba ne ya taho da shi daga masallaci bayan la'asar. Tsoho ne dogo siriri mai farin gemu, yana ture da keken da ba a ganin ƙarfensa don kaya: jakunkuna gaba da baya, tukunya, buta, darduma, har da taya a rataye. Wandon da ke jikinsa kuwa ya matse shi matsewar da Inna ta leƙo sau ɗaya ta ja salati, ta koma ɗaki ta aiko masa da wandon Baba. Mutumin Senegal ne. Sunansa ya gagari bakinmu, muka tsaya kan Jaye. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, don haka aka kira ni tafinta, tunda ni ce na kai kolej har nake jin Faransanci.

"Tambaye shi wa ya koro shi," in ji Baba.

Na tambaya. Ya ce ba kowa.

"Hajji za shi?"

Ya ce a'a, daga Cadi yake, gida ya nufa.

"Fatauci?"

Ya ce kallo kawai yake. Ya gama aikin gwamnati, ya hau keke. Duk garin da yamma ta yi masa sai ya tsaya bakin masallaci, wanda ya ɗauke shi nan zai kwana.

Baba ya dube shi da tausayi, sannan ya ce da ni a hankali, "Wanga bawan Allah wani abu ya same shi, ba ya son hwaɗi ne. Ce ma uwarki a yanka zabuwa."

Kwana biyu ya yi a ɗakin zaure. Ya ci tuwon hatsi da miyar kuka har ya side hannu, ya sha fura, ya ɗauki hoton rumbunmu ta kowane gefe. Baba ya sama masa direban kamyo, babbar motar kaya, da zai kai shi Maraɗi shi da keken kyauta, ya yi dariya ya ce ya gode. Wannan ya ƙara tabbatar wa Baba cewa lallai akwai abin da ke damun mutumin.

Ran Asabar da zai tafi, gwiwar Baba ta tashi. Daidai nan Munir ya yi sallama. Shaddar da ya ɗinka don Juma'a ce ya saka ya zo in gani, ruwan toka, da aiki a wuya, ga hula ya kafa, ga turare. Wallahi ya yi kyau, har na ji kunyar kallonsa ta labule. Ya durƙusa yana gaida Baba.

"Madalla da zuwanka," in ji Baba. "Ɗauki kekena ka taka ma baƙona. Ƙahwata ta hana ni. Kada ka juyo sai ya sallame ka."

"To, Baba."

Kun dai san yadda ake rakiya. Mai gida ya taka, baƙo ya ce, "To, a koma haka, na gode." Mai gida ya ce bari dai a ƙara gaba kaɗan, baƙo ya rantse, a yi musabaha a rabu. Yaron goye ma ya san wannan. Abin da babu wanda ya tuna shi ne Jaye bai sani ba. Shi dai ya ga saurayi ya hau keke ya jera da shi, sai ya ɗauka Allah ya ba shi abokin tafiya.

Da azahar saƙon Munir na farko ya shigo wayata.

"Mun wuce gonakin gari. Bai ce komai ba."

"Ka yi gyaran murya," na rubuta.

"Na yi. Ya ba ni ruwa."

"Ka tsaya ka miƙa mashi hannu."

"Na miƙa. Ya riƙe ya girgiza, ya ce in yi ƙarfin hali, ya wuce."

"To ka gaya mashi mana! Ba ka jin Faransanci?"

"Haba Lubna. In ce ma baƙon Baba ya sallame ni? Da wane baki?"

Kafin magariba suna Agye. Wani mai sayar da goro ya sauke su, aka shimfiɗa masu tabarma biyu. Na sami Baba a tsakar gida yana shafa man zafi a gwiwa, na durƙusa na ce ko zai kira baƙon, tunda lambarsa na cikin wayarsa, ni ce ma na sa masa ita.

Ya ɗago ya dube ni kamar na zagi kakansa. "In kira baƙo in ce ya sako mani mai rakiya? A tahi ana cewa gidan Sha'ibu auna rakiya ake? Ba a roƙon sallama, Lubna. Kada in ji kin taɓa wayar nan."

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne wannan. Duk gidan da suka kwana, da safe mai gida sai ya raka su, kamar yadda ya kamata. In an kai bakin gari, Jaye ya yi ta murmushi bai ce komai ba, sai Munir ya ga abin zai zama abin kunya, ya juya ya ce wa mai gidan, "To, a koma haka, mun gode." Mutumin ya yi musabaha ya koma gidansa. Ya sallami mai goro na Agye. Ya sallami wani ladan a Cadawa. Kowa yana sallama, shi babu mai sallamarsa.

Ran Litinin garin ya ɗauka. Shago a rufe, mata na zuwa sayen magi suna komawa. Kawunsa ya aiko wa Baba cewa su ba su zuwa nema wa mutum aure alhali ba su san inda yake ba. Ni kuma na zata Baba zai damu. Ina! Kullum bayan la'asar sai ya dogara sanda ya fita majalisa, tsofaffi su kewaye shi.

"Ina suka kai, Malam?"

"Sun bar Cadawa."

"Allahu akbar! Kuma bai juyo ba?"

"Bai juyo ba."

Wani ya ce kakansa ya taɓa raka baƙo har Gazawa a ƙasa. Aka ce masa ya yi shiru, Gazawa nan ce ƙofar gida.

Gwaggo kuwa ta zo da lulluɓinta mai ruwan goro, da leda a hannu. Ta zauna kan kujerar Inna ta zazzage: turare, sabulun wanka, da atamfa mai zanen ganye.

"Fahad ya ce a gaishe ki."

"Ina amsawa, Gwaggo."

"Ke dai ki buɗe idonki. Namijin da aka ce taka ma baƙo ya ɓace, ran da kika aike shi cefane sai dai a gan shi Agadas."

"Gwaggo, umarnin Baba ya bi."

"Umarni! Ni ma na yi rakiya a rayuwata, ban taɓa kwana a hanya ba."

Da yamma Fahad ɗin da kansa ya turo saƙo, ban san wa ya ba shi lambata ba, ko da yake na sani. "Ni in na raka mutum, bakin ƙofa nake tsayawa." Na karanta na kife wayar. Haushin da na ji shi ne maganar tasa ta ba ni dariya.

To, a nan ne abin ya fara canzawa, kuma ban lura da wuri ba.

Da farko saƙonnin Munir duk kuka ne. Cinyoyinsa sun kumbura, sirdin keken Baba ya gama da shi, takalmi ya yi masa kanta, shadda ta yi baƙi. Ina karantawa ina tausayi, ina jin daɗi kuma, don kowane saƙo yana ƙarewa da "ina kewarki". Daga baya sai hotuna suka fara zuwa. Ga shi ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, takalmin sau-cikin yana ɗaure a bayan keke, silifa a ƙafarsa. Ga shi durƙushe gefen kwalta da kwanon ruwa, Jaye na koya masa neman inda taya ta huje. Ga su a rugar Fulani wajen Sae Sabuwa, an ba su nono a ƙwarya, Munir na dariya har ana ganin dasashinsa. Ni ban taɓa ganin dasashin Munir ba.

Ya turo murya, iska na kaɗawa a ciki. "Lubna, kin san mutanen nan ba su san mu ba, ba su tambayi ko mu su wane ne ba, matar ta tashi ta ba mu shimfiɗar ɗanta? Da asuba na hito, babu gini ko ɗaya, sai shanu da sarari. Na daɗe tsaye."

Na saurara sau uku. Sannan na koma sama ina duba saƙonninsa, na ga tun ran Talata bai sake rubuta "bai ce komai ba". Na ajiye wayar na je na yi wanke-wanken da na riga na yi.

Ran Alhamis da safe Baba ya tafi duba gona, ya bar wayarsa tana caji a taga. Allah ya yafe mani, na ɗauka. Na zagaya bayan rumbu, na tattaro duk Faransancin da ya rage mani, na kira Jaye.

Ya gane ni nan take. Ya tambayi Baba, ya tambayi gwiwa, ya tambayi Inna da miyarta. Na bari ya gama, sannan na yi masa bayani dalla-dalla: mu nan mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya ce ya koma, kuma gobe ce ranar da za a zo neman aurena.

Sai ya ce, "Ɗiyata, ai na sani."

"Ka sani?"

"Tun a Tibiri. Wani tsohon mushen lakol, malamin makaranta, ne ya sauke mu, shi ya fahimtar da ni. Kunya ta kusa kashe ni. Ya koya mani kalmomin da Hausa, na yi ta maimaitawa. Da muka fita gari na tsaya, na kama hannun yaron, na faɗa masa. Har sau uku na faɗa."

"Sai ya ce me?"

"Sai ya jingine keken, ya zauna bakin hanya ya yi kuka. Ya ce tun yana yaro ta tagar shago yake ganin duniya. Ya roƙe ni in bar shi ya kai Gidan Rumji kawai."

"Yanzu kuna ina?"

"Gidan Rumji."

"To yana ina?"

"Ga shi can yana ba tayarsa iska."

Na zauna kan turmin da aka kife. Na ce, "Yana maganata kuwa?"

"Duk gidan da muka sauka sai ya nuna hotonki. Matan Sae Sabuwa ma sun ce a gaishe ki."

"Ya ce zai dawo?"

"Ya ce zai dawo." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma haka na ce wa tawa."

"Yaushe ke nan?"

"Bara waccan."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Na maida ita taga, na ɗauki tawa, na rubuta wa Munir: "Ya sallame ka?"

Amsa ta zo da sauri. "Har yanzu dai, Lubna. Ki ƙara haƙuri."

Jama'a, na yi kuka. Ba tafiyar ce ta fi yi mani ciwo ba. Mutumin da ko canjin da ya yi yawa aka bar masa sai ya bi mai shi har gida, yau shi ne ya dube ni ta waya ya shirga mani ƙarya, kuma ya iya.

Bayan azahar Baba ya kira ni. Yana zaune kan buzu a inuwar darbejiya, Inna na gefe tana tsince wake, Gwaggo ta miƙe ƙafa tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa.

"Gobe Juma'a," in ji shi. "Ke ke magana da yaron nan. Tambaya guda zan maki. Baƙon ya sallame shi, ko bai sallame shi ba?"

Na sunkuyar da kai.

"In bai sallame shi ba, aikina yake, ni na aike shi, kuma in jira shi ko Dakar ya kai. In kuwa an sallame shi ya ƙi juyowa, to ya zaɓi abin da yake so, ni ma in san abin yi."

Gwaggo ta daina ɓarar gyaɗa. Inna ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya cikin faifai. Kalma ɗaya ce tsakanina da atamfa mai zanen ganye, kuma wallahi a lokacin Munir bai cancanci komai daga gare ni ba.

"Bai sallame shi ba, Baba."

Baba ya sauke numfashi, fuskarsa ta washe. "Kun ji ko? Wanga shi ne ɗa. To ku shaida, babu mai sa ƙahwa gidan nan da maganar Lubna sai ya dawo."

Gwaggo ta ja tsaki mai tsawo, ta kakkaɓe zanenta.

Na tashi na sake zagayawa bayan rumbu, wannan karon da tawa wayar. Munir ya ɗauka a bugu na biyu, ina jin ƙarar sarƙar keke da hucinsa.

"Tsaya," na ce. "Sauka daga keken nan."

Na ji ya ja birki.

"Na yi magana da Jaye. Tun Tibiri ya sallame ka. Kuma yanzun nan na durƙusa gaban Baba na yi mashi ƙarya saboda kai. Ni, Munir. Ban taɓa yi ba."

Wata babbar mota ta wuce ta gefensa, na jira ta yi nisa.

"Lubna," ya ce, "wallahi ke nake so, ban canza ba. Amma in na dawo gobe aka sa rana, shagon nan ne har in mutu. Kawu zai ce yanzu ka yi iyali, zauna. Kuma in zauna. Na san kaina."

"To sai mi? In zauna ni in tsufa ina jiran mai rakiya?"

"A'a. Zan dawo, a ɗaura. Amma…" Sai ya ci gaba da sauri: "Jaye ya ce a hanya ya sha gamuwa da mata da miji suna tafiya tare. Kuma jiya a kasuwar Gidan Rumji na ga keken mata. Da kwando a gaba. Na sa mai shi ya ajiye mani."

Na buɗe baki in wanke shi tas. Na shirya zagin tun daga kan silifarsa har hular da ya yar. Ina da hijabi, ina da uwa, ina da mutunci a garin nan, ni zai ɗora kan keke in bi duniya ina kwana gidajen mutane? Amma abin da ya faɗo mani a rai shi ne shanun nan da sarari, da dasashin da ban taɓa gani ba. Ni ma fa ban taɓa wuce Maraɗi ba.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wace kala ce?"

Kafin ya amsa na ji an taka ɓawon gyaɗa a bayana.

"Sa shi a babbar murya," in ji Gwaggo, tana gyara lulluɓi. "Na ji ta Tibiri, na ji ta ƙarya. Bari in ji kalar ita ma, in ya so in kai ma ubanki labarin a cike."